Faifan Kawu a Kan Tuwo

Hausata ta kicin ce, ita ma ba duka ba. A unguwar Rusaifa ta Makka aka haife ni, ko mafarki da Larabci nake yi. Shi ya sa ranar da Umma ta ce, "Yallah, ɗauko faifai ka rufe tuwon baƙi," ban san wannan saƙaƙƙen murfin kwanon take nufi ba. Faifan da na sani shi ne na kwalin da Kawu ke turawa ƙarƙashin gado yana gunaguni, "Faya-fayan nan za su ja min."

Kawu yayan Umma ne. Ya zo aikin Hajji tun ba a yi tunanina ba, ya manta hanyar gida. Gemu har ƙirji, fuska kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. Ko a can unguwar Shisha mai nisa wayata ta yi kiɗa, sai ya biyo sautin a ƙafa ya ƙwace ta. Abin da yake tattali a duniya shi ne mutuncinsa a idon dattawan masallacinmu, kuma su ne baƙin ranar.

Na jawo kwalin, na zaro wani baƙin abu mai huda a tsakiya, na kifa a kan tuwo mai zafi. Gidansa na kwali kuma na tallafi kwanon da shi. Kafin in isa falo faifan ya lanƙwashe kamar malafa.

"Ya walad, kai yaro, wannan fa?" in ji dattijon da ya fi kowa tsufa, ya zare kwalin daga ƙarƙashin kwanon. Hoton wani saurayi ne a jiki, gashi kamar an kifa masa tunkiya a ka, ƙirji a buɗe, ƙafar wando za ta ɗauke ni da ƙanwata. Hancin dai ba ya ƙarya.

"Alhaji, kai ne?"

Kawu ya yi zufa. Da muryar mai ba da wasiyya ya ce a Kaduna ne, zamanin ƙuruciya, yana waƙa da kiɗan fonk irin na baƙaƙen Amurka. Wannan ne faifansa na ƙarshe. Bai shiga kasuwa ba, sai ya taho da kwali guda don ya sayar wa alhazai. Alhazai! Mutanen da ke neman dabino da zamzam. Ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci.

Dattijon ya ce, "Miƙo min miya."

Wani mai shagon turare ya juya kwalin. "Ni ma a Kaduna na yi samartaka, ba gidan rawar da ban leƙa ba, Allah Ya yafe mana. Ban taɓa jin ka ba."

"Ka tuna dai, Malam," in ji Kawu. "Mai ihun nan a tsakiyar waƙa."

"Wallahi a'a."

"Har a rediyo an sa ni!"

"To, ƙila ranar an ɗauke wuta."

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tsoron a gane shi, sai ga shi tsaye, hular ta karkace, yana buga ƙafa yana rera musu amshi don su tuna. Har ihun ya yi. Umma ta leƙo a guje, ta zaci kyankyaso ya gani. Dattawa suka ci gaba da lomarsu. Mai turare ya ce muryar ba laifi, amma miyar ta fi.

Washegari ba wanda ya canja masa wuri a sahu, ba wanda ya tayar da maganar. Wannan ya fi ƙona masa rai. Ya fito da kwalin faya-fayan falo, ya ce duk mai so ya ɗauka kyauta. Na tambaye shi a me ake sa faifan ya yi magana, ya ce injin ya bari a Kaduna.

Umma ce kaɗai ta ɗauka. Tana rufe jug ɗin zoɓo da shi, ta toshe hudar da auduga saboda ƙuda.