Jinin Matar Ƙanena

Da likita ya ce za a yi wa Inna aikin maƙoƙo, ban tsaya tambayar wa zai yi jinya ba. Ni ce 'yar fari. A gidanmu na Ƙofar Sauri uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane, kunya ce, haka muka taso. Ban taɓa ƙorafi ba, amma na sa a raina wannan karon sai Inna ta san tana da ni.

Ni na kai ta awo. Ni na haddace dokokin: kada ta ci komai daga jajibirin aiki, a cire 'yan kunne da awarwaro, a bar farce ba lalle. Har Babbar Kasuwa na je na sayo mata sabon zane mai laushi. Saura abu guda, aka ce dangi su ajiye jini leda ɗaya ko za a buƙata.

Na naɗe hannun riga da saurina. Mai awon ta ɗiba, ta duba, ta ce jinina bai ishe ni ba ma balle in ba wani. Sai ga matar ƙanena, wadda ta zo kawo kunu kawai, ta miƙa nata hannun tana 'yar dariya. Nata ya yi. Wallahi na ji haushi, har kunun ban sha ba.

Aiki ya yi kyau, alhamdulillahi. Amma tun da muryar Inna ta dawo, duk wanda ya shigo dubiya labari ɗaya yake ji.

"Kun gan ta nan, ɗiyata ce. Jininta ke yawo a jikina."

Ni kuwa ina gefe da roba ina wanke kwanuka. Ni na yi ta juya ta a gado, ni na riƙe mata kai in za ta yi tari, amma leda guda ta shafe ni. Kishi na yi, ba na ɓoyewa.

Ranar sallama wata nas ta faɗa mini a cikin hira cewa ba a ma sa wa Inna jinin ba, aikin bai ci jini ba, wata mai haihuwa aka ba. Daɗi ya kama ni har na ji kunyar kaina, amma bai hana ni sauri ba. Na samu Inna ita kaɗai tana ɗaura ɗankwali a hankali saboda ɗinkin, na zayyane mata.

Ko gezau ba ta yi ba.

"Na sani. Likita ya hwaɗa mani tun da na farka."

"To, Inna, me ya sa kike cewa…"

"Yarinyar ga ba ta da uwa. Ki bar ta da abinta. Kada in ji kin hwaɗa mata."

Ta miƙo mini jakarta in ɗauka.

Ban faɗa ba. Har yau in matar ƙanena ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Inna, yaya jinina?", su biyun su kwashe da dariya, ni Inna take kallo ta gefen ido, ta ga ko zan riƙe bakina. Ina riƙewa.