Yatsun Ustad Mukarram

Shekara arba'in da ɗaya Ustad Mukarram ya yi yana ƙetare gadar kogin Yamuna a kan kekensa bayan sallar asuba, da ƙunshin gurasa biyu ɗaure a bayan sirdi. Kafin a buɗe ƙofar hubbaren waziri ya riga ya iso. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa sai ya zagaya ginin sau ɗaya, yana shafa bango da bayan hannu, yana neman ɓarnar da baƙin jiya suka bari. Da wuya ya rasa.

Kowa a Agra ya san bangon nan: farin dutse da aka dasa wa furanni na ƙananan duwatsu masu launi tun zamanin sarakunan Mughal. Masu yawon hutu kan zo daga Delhi, daga Mumbai, daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Yawancinsu hoto suke ɗauka su wuce. Amma a kowace rana sai an sami wani mara kunya da zai faki idon mai gadi, ya sa bakin mukulli ya ɓanɓare ganyen fure ɗaya, ya jefa aljihu, wai tsaraba. Cike wannan ramin shi ne aikin Ustad, wato gwanin sana'a a bakin mutanen nan.

Yakan shafa lalle a wurin don zanensa ya fito a kan farin dutsen, ya auna ramin, sannan ya koma ɗan ɗakinsa na bayan lambu. A can yake zama a ƙasa, hannu ɗaya yana jan bakan da ke juya faifan wasa dutse, ɗayan kuma yana riƙe da ɗan jan dutse da bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana danna shi a jikin faifan. Faifai kuwa bai san bambancin dutse da fata ba. In yatsa ya fashe sai ya koma na kusa da shi, in hannun ya gaza sai ya sauya hannu. Ba ya rufe hanci, wai numfashinsa yana dusashe masa tabarau. Haka ya yi ta shaƙar ƙurar dutse har ranar da ya yi ritaya.

Ni Dilshad ne, ɗan jagora, shekara ashirin da uku ina zagayawa da baƙi a wurin. Kuma bari in faɗi laifina tun kafin wani ya faɗa mini. Abubuwa biyu nake sayar wa baƙi, duka ƙarya. Na farko, nakan haska tocila a jikin fure in ce tun da aka dasa shi shekara ɗari huɗu hannu bai sake taɓa shi ba. Na biyu, labarin nan da duk 'yan jagorar garin suka haddace, wai sarki ya sa an datse hannuwan maginansa don kada su yi wa wani irin ginin. Mata su dafe ƙirji, maza su girgiza kai, ni kuma in sami abin shayi. Sau da yawa ina zuba wannan zance Ustad yana tsugune taku biyar daga gare ni da lalle a hannu, ba wanda ya ko dube shi.

Wata rana kunya ta kama ni, na tambaye shi ko abin yana yi masa ciwo.

"Ci gaba da faɗa, ɗana," in ji shi. "Ranar da baƙo ya gane wanne ne nawa, ranar na ɓata aiki. Amma don Allah ka daina datse wa mutane hannu tun ba a karya kumallo ba."

Ramkishan, mai tsaron takalman baƙi a bakin ƙofa, shi ya ba ni labarin angon da aka kama. Ya zo hutun aure da amaryarsa, ya ɓanɓare jan dutse zai ba ta. Masu gadi suka yi masa ca, har ɗaya ya ɗaga sanda. Ustad ya shiga tsakani, ya ce a ba shi aronsa. Ya kai shi ɗaki, ya ba shi dutse ya riƙe a jikin faifai, ya ce ya daure iya lokacin da shi zai shanye shayinsa. Ramkishan ya rantse ko rabin kofin bai sha ba yatsan ango ya fara jini. Da mutumin zai tafi, sai ya zura hannu a aljihu ya fito da wasu duwatsu biyu da ba wanda ya san ya cire, ya ajiye, ya fita kansa a ƙasa.

Tari ya fara kama shi ne da daminar bara, wata biyu bayan ritayarsa. Likita ya ce ƙura ce ta daskare a huhu. Akwai asibitin ƙirji da ke karɓar ma'aikatan dutse, amma sai da kati, katin kuwa sai an ɗora yatsa a na'ura ta shaida kai ne kai. 'Yarsa Ruksar ta kai shi ofishin katin, ni na raka su.

Magatakardan ya fara da babban yatsan dama. Shiru. Ya ce ya goga shi a goshi ya ɗebo maiƙo, kamar yadda ake sa tsofaffi su yi. Shiru. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, duk sumul suke kamar cikin faranti, babu ko layi. Aka koma na'urar ido, ita ma ta ƙi, saboda yanar da ta rufe masa ido. Magatakardan ba mugu ba ne, har kujera ya ba shi. Ya dai ɗaga kafaɗa ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba."

A nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na ce ga mutum zaune yana tari a gabanka ka ce ba kowa. Ustad ya riƙe mini riga.

"Bar shi, gaskiya ta faɗa," ya ce, yana haki. "Yatsun ba sa nan. Suna can a bango."

Sau shida muka koma. Muka tara sa hannun 'yan jagora da masu gadi da masu shara, Ramkishan ya dangwala nasa yatsan da tawada, duk muna shaida cewa wannan tsoho shi ne Mukarram. Takardar ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Wata bakwai aka yi kafin katin ya fito. Da likitan asibitin ya ga hoton ƙirjin, bai ɓoye wa Ruksar ba: da a farko aka kawo shi, da an tare abin. Yanzu huhun hagu ya gama aiki, na dama ma rabi ne. Na tsani waɗannan watanni bakwai, kuma ban ga ranar da zan daina tsanarsu ba.

Yana raye. Yana kwance a gidansu na unguwar Tajganj, da tukunyar iska a gefen gado da roba a hanci.

Ustad, kai ne mai gyaran da ba a gani. Kai ne ka sa ƙaryata ta yi kama da gaskiya shekara ashirin da uku, na ci abinci da ita, kai kana shaƙar ƙura. Hotunan aikinka suna rataye a falon mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba. Na roƙe ka ka nuna mini fure ɗaya tak da ka dasa don in riƙa nuna wa baƙi, ka ƙi. Na bi bangon da tocila kwana uku ina nema da kaina, ban gane ko ɗaya ba.

Na daina ba da labarin sarki. Yanzu nakan tsayar da baƙi a ƙofar gabas in gaya musu cewa ban san wani sarki da ya datse hannu ba, amma na san mukullin da ya cinye yatsu goma. Wasu ba sa son jin haka a ranar hutunsu, har wani ya taɓa cewa a kawo masa ɗan jagora mai fara'a. Ban damu ba.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko an taɓa bangon. Na yi wa dubban baƙi ƙarya ido na cikin ido, amma shi na kasa. Na ce masa ramuka uku ne a makon nan, kuma har yanzu ba a kawo wanda zai gaje shi ba. Ya tambaye ni wane launi aka cire. Na ce ja. Sai na ga babban yatsansa da manuniya sun haɗu a kan bargo, suna murza abin da babu.

Mun gode, Ustad Mukarram. Allah ya sassauta maka numfashi, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Masu sana'a kuma su dube ka su koyi yin aiki tsakani da Allah, ko da ba za a rubuta sunansu a jiki ba. Ku kuwa masu zuwa hutu, ku zo, ku kalli furannin nan har ku ƙoshi, ku ɗauki hoto. Amma ku bar mukullanku a aljihu. Wanda yake cike ramin ba shi da sauran yatsan da zai bayar.