Rabin nauyin gugan Inna

Shekarun baya can, ina sakandare a Sinnar, na dawo hutu ƙauyenmu kusa da Mai Wurno da aikin gida na fiziya, wato darasin kimiyya. Ustaz, malamin darasin, ya zana mana bakara biyu, gargaren ƙarfen nan da igiya ke bi ta kansa, ya ce da su mutum zai ɗaga kaya da rabin ƙarfinsa. Tambayar ita ce: ina ɗaya rabin nauyin ya tafi? Kwana uku ina tauna fensir.

A lokacin mahaifiyata na fama da ciwon baya. Duk safiya ita ke jan ruwa a rijiyar gidanmu, ta ja guga biyu ta tsaya ta dafe ƙugu. Ni kuwa tun da na fara sa farin wandon makaranta na daina taɓa igiya, wai na zama afandi mai aikin alƙalami. Sai na ce bari in taimake ta da ilimi.

Rijiyar dama tana da bakara ɗaya a jikin gungumen da ke gicciye a kanta. Na aro ta biyu wajen abokina na ɗaura wa guga, na ƙulle bakin igiya a gungumen yadda zane ya nuna. Ina zurawa guga ya tsaya rabin hanya yana lilo. Ashe dabarar na cin igiya ninki biyu. Sai da na ƙara da ta jakinmu.

Inna ta zo ta ja. "Wallai ya yi sauƙi. Amma igiyag ga ba ta ƙarewa!"

Ina gefe rungume da littafi, na ce, "Inna, ni abin da ya dame ni, ban san inda rabin nauyin ya tafi ba."

Ta nuna gungumen da haɓa, inda igiyar ta ɗame. "Ga shi can wuyan icce. Nauyi ba shi ɓacewa, ɗana, sai dai wani ya kama maka." Ta share zufa, ta dube ni ba tare da fushi ba. "Ka ga, icce ma ya ji tausaina."

Kunya ta rufe ni. Na ajiye littafin na karɓi igiya, kuma har hutu ya ƙare ba ta sake taɓa guga ba.

Amsarta na rubuta wa ustaz, ya ce daidai ne. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, amma har yau abin yana min ciwo. Ita ta haife ni, ina tsaye kusa da ita da hannu biyu lafiyayyu, gungume ya riga ni kama mata.