Ƙanƙarar Annasara

Jiya aka yi ruwa da ƙanƙara a Filinge. Yara suka fita suna tsinta suna jefawa a baki, ni kuwa na ja ƙofa na zauna. Kada ka ce tsufa ne. Zauna ka ji.

Ina yarinya, ban kai ɗaukar tulu ba, Annasara suka gina bariki. A shekarar da damina ta ƙi, fara ta cinye ɗan abin da ya tsira, gardawansu, wato dogaran bariki, suka bi ƙauyukan Kurfai suna kwashe hatsi daga rumbuna. Namu ma aka ɗora wa raƙumi. Muka ci ganye, muka haƙe gidan tururuwa muna neman ƙwayar da ta ɓoye. Ƙanena, wanda aka yaye a bazarar nan, ya daina kuka. Ya kwanta kawai, ciki a kumbure, yana bin mutum da ido.

A wurinmu rumbu ba ya da taga. Hatsi ɓoye shi ake yi, don kada idon mai yunwa ya gani. Su kuwa ɗakin da suka tara buhunan yana da taga babba, an toshe ta da wani abu da ido ke ratsawa, hannu ba ya ratsawa. Mutane sukan tsaya daga nesa suna kallon geronsu. Wata tsohuwa ta miƙa hannu, ta ji sanyi da tauri, ta koma da baya tana salati.

Kakata, uwar Baba, ita ake tambaya in abu ya ɗaure wa gari kai. Ta ce, "Ƙanƙara ta. Sun kama ta da asiri, sun hana ta narkewa. Randa ta hwashe, ƙarhinsu ya hwashe." Ba wanda ya yi mata musu. Wa ya taɓa ganin irinsa?

Wata rana da azahar Baba ya dubi yaron, ya daɗe yana dubansa, ya ɗauki gatari.

Inna ta ce, "Maigida, ina za ka?"

"In amso abina."

Ya dawo a guje, hannu duk jini, hularsa cike da gero. Ya zube shi a faifai, ya ce, "Ki dama mishi yanzu." Bai ko zauna ba gardawa suka shigo. Suka ɗaure shi da igiyar rijiyarmu. Ba mu sake ganinsa ba.

Geron nan yana ta ƙyalli. Ɓaraguzan tagar sun gauraye da shi, wasu kamar ƙaya, wasu kamar gishiri. Inna ta tsince manyan, ta bakace, ƙananan suka ƙi fita. Kaka ta ce, "Zuba mishi ruwa, ɗiyata. Ƙanƙara ba ta jimrin ruwa."

Inna ta zuba. Muka leƙa ƙwarya mu uku. Wallahi babu ƙyalli ko ɗaya, sai gero a ƙarƙashin ruwa.

"Kin gani? Ta narke," in ji Kaka.

Inna ba ta tsaya regaya ba, don regaya takan tafi da ɗan hatsi, ga yaro numfashinsa yana ja. Ta tsiyaye ruwan, ta daka sama-sama, ta dama kunu. Ni da nake ganin jiri don yunwa ba a ba ni ko cokali ba, har na yi fushi. Ya sha, ya sha da ƙarfinsa. Kafin la'asar ɗin washegari yana kashin jini. Ko yunwa ce ta ƙarasa shi, ko abin nan ne, Allah ya bar wa kansa sani. Inna dai ba ta ƙara yi wa Kaka magana ba, ban da gaisuwa.

Ƙarfin Annasara bai fashe ba. Kafin lokacin kaka aka kawo wata tagar a cikin akwati, an naɗe ta da bargo, aka maƙala.

Yanzu gilashi ya cika gari, har shayi ake sha a cikinsa. Jikata mai zuwa lakwal, makarantar boko, ta ce mini wai an koya musu da yashi ake yin sa, a narka a wuta. Na sa ta maimaita. Yashi. Mu da muka tashi muna raba yashi da gero tun hannunmu bai kai bakin turmi ba. Da wani ya buɗe baki ya ce mana yashi ne, da Inna ta san abin da za ta yi da ƙwaryar nan.