Ranar da Baba Ya Saki Waya

Har yau, idan na ji kukan waya tana gogar ƙarfe, sai gabana ya faɗi. Na ji shi a bakin kogin Nilu, na ji shi a kogin Shari, amma kullum Gashuwa yake mayar da ni.

Mahaifina ɗan fito ne, da gora yake ƙetarar da mutane. Ya kwanta a kan gorarsa ruf da ciki, mai tafiya ya rungumi wata, kaya a cikin masaki. Dokar aikin ɗaya ce: ba a jayayya da ruwa. In ya ja ka, ka bi shi, ka fita can ƙasa, ka dawo da ƙafa.

Da motocin gyaɗa suka fara zirga-zirga zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru, sai aka kawo jirgin fito mai faɗi kamar daɓe, wanda ake ja a jikin wayar ƙarfe da aka ɗaure daga gaɓa zuwa gaɓa. Masu gora suka wayi gari ba aiki, hatsinmu ya yi ƙasa. Baba, da furfurarsa, ya je neman gurbi. Heluman jirgin, wato shugaban ma'aikatansa, wani Babarbare mai tsokana, ya yarda a gwada shi.

"Amma Baba, wannan ba gora ba ce fa. Nan ba a kwanciya a bakin aiki."

Da kaka aka yi gwajin, kogi ya cika fal. Na hau tare da Baba. Ga mota da lodi, ga mata da ƙwaryar nono. Aka ba Baba bayan jirgin, ya riƙe waya. Da muka kai tsakiya, ruwa ya bugi gefe, waya ta yi ƙara, sai na ga ya buɗe hannuwansa. Ba tsoro ba ne, abin da jikinsa ya sani ke nan.

Bayan jirgin ya karkace. Motar ta gusa, nono ya malale, mata suka ɗauki salati. Na ƙanƙame ƙafar Baba, ina kallon ruwa yana haurowa kan katako.

Heluma ya daka tsawa: "Riƙe, tsoho! Can ƙasa Gaidam za ka kai mu?"

Baba ya cafki wayar tana gudu. Ta tafi da fatar tafinsa, bai saki ba har muka taɓa gaɓa.

Heluma ya daɗe yana duban hannuwan. "In sun warke ka dawo."

Kafin su warke, sai Baba ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya rungumi turken gida, ya sa mu yara mu yi ta fizgarsa ba zato, don ya saba da riƙo. Inna tana dariya, tana share hawaye.

Yanzu gada ce a wurin, mota ba ta ko rage gudu. Na zauna da direbobi da ma'aikatan tashoshin ruwa a ƙasashe da dama, na lura koyon sabon aiki bai kai barin tsohon wuya ba.

Ranar da Baba zai cika, hannuna ya kama. Ina jin tabon wayar a tafinsa. Sai da yayana ya taimaka aka buɗe yatsunsa.