Baƙon da muka binne da Mushe Isufu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar abokina Isufu, wanda yaran Damagaram suka sani da Mushe Isufu, wato Malam Isufu da Faransanci. Kolej ɗaya muka koyar, shi Ingilishi, ni lissafi, kuma in an tashi gindin dogon yaro ɗaya muke zama.

Lokacin babban fari, mutanen karkara suka cika bayan gari. Wata safiya muka tarar da wani mutum kwance jikin katangar lakwal, wato makarantarmu, ya riga ya cika. Ba kaya, ba ɗan rakiya. Muka zagaya bukkokin masu gudun yunwa, babu wanda ya san shi.

Akwai wata Baturiya mai jinyar yara a wurin, ba ta jin Faransanci, Isufu ne ke yi mata tafinta. Ta tambaye shi abin da ya faru. Na ga ya fara wata kalma ya fasa, sannan ya ba ta amsa. Da muka kama hanya ya ce mini:

"Alasan, kullum ina gaya wa yara somebody da someone duk ɗaya ne, 'wani' suke nufi. Yau na kasa faɗin na farkon. Ƙarshensa body ne, gangar jiki, gawa ma haka suke ce mata. Someone na ce."

Na ce, "Mutum ya riga ya tafi, wane bambanci zai yi masa?"

Ya ce, "Shi ba zai ji ba. Ni ne zan ji."

Isufu ya sayi likkafani. Liman ya yi salla, mu 'yan kaɗan a bayansa, don kowa ya gaji da rakiyar gawa a shekarar nan. Na zaci magana ta ƙare. Amma har aka yi ruwa, gero ya dawo, in hutu ya zo Isufu sai ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa kasuwar Tirmini ko Takaya, yana tambayar wanda nasa ya fita bai dawo ba. Masu irin wannan rashi sun yi yawa. Ko ɗaya bai dace ba.

Yanzu da za a tsinci mutum haka, kafin azahar hotonsa ya zagaya wayoyi. Ina jin Isufu zai so wannan, ko da yake zai yi faɗa da masu ɗaukar hoton kafin su rufe shi da zane.

Da ciwonsa ya yi nauyi na je gaishe shi. Ya ce, "In za ka yi mini addu'a, ka haɗa da baƙon nan." Na ce da wane suna. Ya ce Mai karɓar addu'ar ya sani.

Isufu bai bar gida na kirki ba, bai bar littafi ba. Wannan ya bar mini. Liman ya rasu, sauran da muka tsaya sahu ɗaya sun rasu, ni kaɗai na rage da na ga fuskar mutumin. Dogo ne, da furfura kaɗan a gemu, ɗan yatsan hannunsa na hagu guntu, tafinsa duk kanta irin ta mai jan guga. In akwai wanda mahaifinsa ya nufo Damagaram a shekarun fari bai koma ba, to ya sani an yi masa wanka, an yi masa salla, kuma mun fuskantar da shi gabas.