Kwalekwale Ba Ya Jiran Ya Cika

Mun tashi daga Sheshe ƙarfe biyar saura kwata na asubar Talata, sati uku bayan soja sun miƙa mulki. Na ce mun tashi, amma ni kaɗai ne da jakata da wasiƙar da ta ce ƙanena Sule yana kwance a wani tsibiri a Bahar Maliya. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci na yi, kuma jahilcin ne ya ci yaƙin.

Shekara talatin da biyar rabona da Sule. Ni na naɗa wa jakin maƙwabcinmu rawanin Baba, na ce Sule ne ya naɗa. Baba ya zane shi a gaban jama'a, washegari Sule ya bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, bai dawo ba. Yafiya na tafi nema.

Kano zuwa Hartum

Mun isa Maiduguri ƙarfe uku. A wani shinge kafin Gamboru na ce wa mai bindiga, "Ranka ya daɗe, ba an ce kun koma bariki ba?" Ya ce, "Baba, sauko ka maimaita." Awa biyu na yi a rana, fasinjoji suna tsine mini a hankali.

Daga Njamena zuwa Jinaina kwana shida a saman buhunan albasa. Daga Niyala jirgin ƙasa zuwa Hartum, kwana huɗu, shayi da busasshen burodi.

Bor Sudan

Wani Bakano haifaffen can, Malam Adamu, ya sauke ni. Ya kai ni bakin teku ƙarfe shida na safe, ya nuna mini kwalekwalen masunta, ya ce, "Baba Ilu, shiga ka zauna. Kada ka motsa."

Na leƙa, mutum uku ne ciki, wurin kuwa zai ɗauki goma sha biyu. Ni da na tsufa a tashar mota a gaya mini? Abin da bai cika ba ai ba ya tashi. Sai na sulale wajen mai shayi, na tsaya kallon Turawa suna sanya takalman kwaɗo da tulun iska a baya, wai za su nutse su kalli duwatsun murjani. Na sha kofi biyu ina dariya.

Da na dawo, kwalekwale ya zama ɗigo.

"Bai cika ba fa," na ce.

Malam Adamu ya dube ni. "Nan ba Ƙofar Wambai ba ce. Iska suke gudu. In ta tashi, ba mai ratsa duwatsun nan."

Ta tashi kafin hantsi. Kwana biyu ba ta kwanta ba.

Tsibiri

Awa huɗu da rabi muka yi a ruwa, na amayar da shayin Sudan kaf. Tsibirin kamar zobe yake, da ruwa kore a tsakiya, ba bishiya, ba rijiya. Bukkoki ba su kai ashirin ba. Ruwan sha a jarka ake kawo shi. Gefen da kifi ya fi yawa an hana masunta jefa koma, an bar wa baƙi masu nutso. Na leƙa ƙarƙashin kwalekwale na ga duwatsu masu rassa, da kifaye kamar an rina su a karofi. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban so ganinsa ba, domin mutanen da ke bakin gaɓa ba wanda ya ɗago ya dube ni.

Aka ce Sule ya rasu jiya da la'asar.

Matarsa Sa'adiyya ta yi magana daga bayan tabarma, Malam Adamu yana fassara. Ta ce ranar da kwalekwale ya iso aka gaya masa yayansa yana gaɓa yana shan shayi, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, "Tambaye ta, ya yi zancen rawani?"

"Ta ce wane rawani?"

"Bai ce ya yafe wa kowa ba?"

"Ta ce ya ce a ajiye maka kifi."

Suka kawo busasshen kifi guda uku a leda. Aka kai ni kabarin. Ba itace, ba fasassun tukwane irin namu, fallayen farin murjani aka jera masa, ramin kuwa ko gwiwa bai kai ba. Na tsuguna na faɗa masa abin da ya riga ya sani. Jirgin Turawa ya wuce ta baya, suna ɗaga mana hannu.

Komawa

Kwana goma sha tara na yi a hanya. Na shigo Kano ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma, ban biya gida ba sai da na tsaya a kan kabarin Baba na ce, "Ni ne na naɗa wa jakin." Mai gadin maƙabarta ya zaci na taɓu.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Malam Adamu da bai ƙara tayar da zancen shayin ba. Kifin yana rataye a ɗakina. Iyali sun ce yana wari, na ce a bar shi.